Haƙora Bakwai na Mamani

Uwale ta tsuguna a bayan rumbu, inda ko mai leƙowa ta kan danga ba zai gan ta ba, tana goge haƙoran mijinta a cikin ƙoƙo. Na sama ta fara ɗauka. Ta riƙe su a tafin hannu kamar ƙwan zabo, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da aswakin marke, sannan ta juya ta goge kwarmin da ke zama a kan dasashi, inda tsakin gero ke son maƙalewa. Ita ce ta tauna bakin aswakin da nata haƙoran har ya yi laushi, don mai su ba ya iya tauna itace da su. Kwana tara ke nan tana wannan aiki, amma har yau in ta ɗago su suka yi mata murmushi babu fuska, sai dariya ta taso mata ta danne.

Dokokin ba su da yawa, sai dai Alhaji Abarci ya maimaita mata su har ta haddace. Kada ruwan zafi ya taɓa su, domin jan abin da aka dasa haƙoran a ciki, mai tauri kamar ƙaho, lanƙwashewa yake yi. Kada ta sa toka ko yashi kamar mai wankin ƙwarya. Ruwan sanyi, ɗan gishirin Bilma da aswaki mai laushi sun isa, in zai kwanta kuma a tsoma su cikin ruwa a rufe da faifai. Doka ta ƙarshe ba ta wanki ba ce. Ranar da ya dawo ya kama hannunta, ya roƙe ta ta rufa masa asiri, kada kowa ya san suna fita. Ta yi alkawari nan take. A ranar ko me ya roƙa za ta ba shi.

Shekara goma sha bakwai ke nan da ya bi ayari gabas da niyyar Makka. Mutane sun daɗe da cire rai, ita ma ta kusa. Sai ga shi kwatsam a cikin raƙuman da suka gangaro daga Azbin, ya rame, gemu ya yi fari fat, yana sallama a ƙofar gidansa kamar wanda ya dawo daga gona. A Dakoro ta wancan zamani, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba, wanda ya je Makka ya dawo da ƙafarsa abin kallo ne. Amma ba Makka ta tara jama'a a zaurensa ba. Kowa ya san bakin da Abarci ya tafi da shi: haƙora tara, baƙaƙe, rabinsu na girgiɗi. Yanzu in ya yi dariya sai ka ga jeri biyu farare tas, babu giɓi ko ɗaya.

Ranar farko wani baƙo daga Birnin Lalle ya tambaye shi inda ya samo su, ya ce ikon Allah. Aka tambaye shi tsofaffin fa, ya ce duka taran an cire su rana ɗaya. Sai wani daga bayan zaure ya ce lallai ruwan Zamzam ne ya tsiro da sababbi. Alhaji ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Kafin kwana uku labari ya kai Azagor.

Ta ɗauraye haƙoran sau uku, ta rufe ƙoƙon da gefen mayafinta, ta shiga ɗaki. Yana zaune a bakin gado, baki ya shige ciki, haɓa ta kusa taɓa hanci. Ta tsoma tsumma mai tsabta a ruwan gishiri mai ɗumi, ta naɗe a yatsa ta goge masa dasashi sama da ƙasa, ta ba shi jiƙon bagaruwa ya kurkure inda ya yi gyambo a gefen hagu. Ya runtse ido, ya danna na sama, ya danna na ƙasa. Nan take kumatu suka taso, shekara goma ta sauka daga fuskarsa. A waje makaɗa sun riga sun fara, yau kasuwa, zaure ya cika tun kafin hantsi. Ya gyara rawani ya fita, ta ji yadda gaisuwa ta tashi kamar an buɗe bakin rijiya wa garke.

Daɗi take ji, ba za ta ɓoye wa kanta ba. Matan da suka yi shekaru suna mata kallon tausayi yanzu su ke kawo mata nono da man shanu. Tana cikin rera wata waƙar daka a hankali Azumi ta faɗo gidan, mayafi na jan ƙasa.

Azumi matar Mamani ce, Mamani kuwa ƙanin Uwale, wanda ta goya a bayanta tun uwarsu na raye. Dillalin shanu ne, shekarunsa sun doshi sittin, ba wanda ya kai shi son gasasshen nama a garin, ga shi haƙoransa sun koma bakwai. Azumi aron babbar tukunya ta zo yi, ta ce kunu za ta riƙa damawa safe da yamma na kwana arba'in. Uwale ta tambaye ta wa ya haihu. Azumi ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ai Mamani ne za a sake haifa. Ya gama magana da Sa'adu wanzami, yau bayan azahar za a cire masa bakwai ɗin duka a kasuwa, sannan ya kurkure da ruwan Zamzam ɗin da Alhaji ya ba shi tsaraba a 'yar batta. Shi ya zauna ya yi tunaninsa, in ji ta: haƙorin yaro ba ya tsirowa sai na farko ya faɗi, kuma Alhaji da bakinsa ya ce sai da aka cire nasa duka. Har ya yi wa mahauta alkawarin zai cinye ƙafar rago shi kaɗai ranar Babbar Salla.

Uwale ta miƙa mata tukunyar, don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Da Azumi ta fita sai ta zauna a kan turmi. Ta sa harshe ta bi nata haƙoran, goma sha ɗaya, waɗanda take bi da aswaki kafin kowace salla tun tana budurwa. Da su take tauna goro in an samu, da su take cizon zare. Ta tuna yadda mijinta ke zama a ɗaki in ta fita da ƙoƙo, bakinsa kamar jakar da aka zazzage. Ta ɗauki mayafi.

Kasuwa ta cika maƙil. Buzaye sun durƙusar da raƙuma a gefen tabki, Fulani mata sun jera ƙoren nono, ƙaho na karo da ƙaho a kara, inda ake cinikin shanu. Ko'ina ta ratsa maganar ɗaya ce. Wata mai daddawa ta riƙe ta tana tambaya ko gaskiya ne haƙoran Alhaji na haske a cikin duhu. Wani tsoho ya ce a gaya wa Alhaji ya rage masa ruwan Zamzam ko ɗigo uku ne. Ta samu Mamani tsakanin wani Bafulatani da wani mahauci, ya riƙe hannun wannan ya riƙe na wancan, murya kamar ta mai shela. Da ya gan ta ya saki cinikin ya taho yana washe baki.

«Yaya, zo ki yi ban kwana da su. Ke kika ga fitowarsu, ya kamata ki ga tafiyarsu.»

Ta ja shi gefe, bayan wani bijimi. Ta ce ya buɗe baki. Ya buɗe, ta duba kamar mai sayen jaki. Haƙorin turmi ɗaya na can ƙurya ya ruɓe, dasashinsa ya kumbura, shi ke hana shi barci. Sauran shida goro ya rina su, ƙasa-ƙasansu ya yi datti don aswaki bai dame shi ba, amma da ta taɓa su da yatsa ko motsi ba su yi ba. Ta ce masa a cire ruɓaɓɓen a bar sauran, ita za ta riƙa aiko masa da aswaki, ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri bayan cin abinci. Ya ce shida me za su yi wa mutum, wanda ya ga talatin da biyu a bakin tsohon da ya girme shi. Ta ce abin da Allah ya yi wa wani ba dole ya yi wa wani ba. Ya ce ruwan ɗaya ne, Allah ɗaya ne, shi kuma bai fi Abarci zunubi ba, don ya san shi tun suna satar rake. Ta ce to ya jira kasuwa mai zuwa.

«Mi kika sani wanda ban sani ba, Yaya?»

Ya tsaya yana kallonta, dariyar ta ɗan ja baya. Maganar na bakinta, ba ta fi kalma huɗu ba. Ta ji ɗumin hannun mijinta a kan nata kamar ranar da ya roƙe ta.

«Tsoro nike ji, shi ke nan,» ta ce.

Dariyar ta dawo. Ya ce tun yana yaro take jin tsoro a madadinsa, ranar kaciyarsa ma ita ta yi kukan. Ya koma wa cinikinsa.

Ta biya ta gindin gawon da Sa'adu ke shimfiɗa tabarmarsa. Yana wasa aska, awartakinsa na jiƙe a cikin kasko. Sa'adu mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ya gaji sana'ar daga kakanni. Ya gaya mata shi ma abin bai kwanta masa ba, tun da yake bai taɓa sa ƙarfe a lafiyayyen haƙori ba, kuma lafiyayye ba ya fita da sauƙi, wani sai ya tafi da ƙashi. Amma Mamani ya rantse in ya ƙi zai tafi wurin maƙeri, maƙeri kuwa da abin kama garma zai yi aikin. Sa'adu ya ce in akwai wanda zai hana, Alhaji ne. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

Rana ta take lokacin da Alhaji ya shigo cikin gida. Tun da ya dawo a ɗaki yake cin abinci, ƙofa a rufe, baƙi suna cewa irin tsarkin mutanen Gabas ne. Gaskiyar ita ce da haƙoran a baki ba ya iya cin komai mai tsaki, sai ya shige ƙarƙashi ya riƙa sukarsa kamar ƙaya. Ya cire su ya sa a ƙoƙo, ya ja ƙwaryar fura. Fuskarsa cike da annuri, yana ba ta labarin wasu da suka zo tun daga Tibiri. Ta bari ya sha rabi, sannan ta gaya masa abin da Mamani ke shirin yi.

Ya ajiye ludayi. Da ya yi magana, muryarsa ta fito a dagule kamar yadda take fitowa in bakin babu komai. Ya ce shi bai taɓa cewa Zamzam ba ne, ta tambayi duk wanda ke zauren. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne: ikon Allah ne, kuma an cire taran rana ɗaya. In mutane sun ɗora nasu a kai, shi ina ruwansa. Ta ce ta sani bai faɗa ba. Ya ce haƙoran Mamani ko an bar su shekara nawa za su ƙara. Ta ce ko shekara ɗaya ce, tasa ce.

Sai ya ba ta labarin da bai ba kowa ba. Bayan ya sauke farali guzuri ya ƙare, ya yi dako a Jidda, ya yi jinya, ya gangara Misra. Can ya yi shekara shida yana shara da ɗiban ruwa a shagon wani Baturke mai ƙera haƙora. Mutumin ya ji daɗin aikinsa, ya ce zai yi masa kyautar da ba a taɓa kai wa ƙasarsu ba, amma sai an share bakin. Cikin taran nan biyar lafiyarsu lau. Ya zauna aka cire. Bai yi karatu ba a can, bai tara dukiya ba, ɗan abin da ya riƙo 'yan fashi sun karɓe a hanyar Murzuk.

«Shekara goma sha bakwai, Uwale. Na bar ki da yara, na dawo ba littafi, ba raƙumi. Su kaɗai na kawo. In aka san ƙirar mutum ce, mi ya rage mani? Tsoho mai wasa da tangaran a baki.»

Ta dubi ƙoƙon. Yana kusa da ƙafarta, ya fi kusa da ita a kan shi. In ta ɗauka ta fita da shi, ba zai iya leƙa ko zaure ba sai ya yi abin da take so. Ta yi wannan tunanin har ƙarshensa, ta ga kanta tsaye da haƙoran mutum a hannu tana ciniki da shi kamar ɓarawon da ya kama akuya, ta ji ba za ta iya ba. Ta jawo ƙoƙon, ta goge su tsaf kamar kullum, ta ɗauraye, ta ajiye a gabansa.

«Malam, na yi maka alkawari, kuma zan karya shi. Na ce bari in faɗa maka a gabanka, kada ka ji daga baya. Ruɓaɓɓen zan bari a cire. In Sa'adu ya kai ƙarfe kan na biyu, zan yi magana.»

Bai ɗago ba. Ya ce ta tuna Allah na jin alkawari. Ta ce ta tuna, tun safe ba abin da take tunawa sai shi.

Bayan azahar kasuwa ta watse daga ko'ina ta taru a gindin gawo. Masu nono sun bar ƙore, mahauta sun bar wuta, har wasu Buzaye sun hau raƙuma don su hango ta saman kawuna. Makaɗan da suka wuni a ƙofar Alhaji sun biyo jama'a da kalangu. Mamani ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafafu, battar Zamzam rataye a wuyansa, yana ɗaga wa abokai hannu kamar ango. Azumi na gefe da ƙwaryar ruwa. A bayansu tsofaffi uku sun yi layi, har da wata tsohuwa da aka ɗauko a kan jaki, suna jira su ga yadda za ta kaya.

Uwale ta kutsa ta durƙusa a bayan ƙaninta, ta riƙe kansa a ƙirjinta. Sa'adu ya dube ta, ya dubi hanyar gidan Alhaji, ya fara da na ƙurya. Bai yi gaggawa ba. Ya wanke hannu, ya wanke awartaki, ya sake wankewa, ya yi bisimilla. Da ya murɗa, Mamani ya ƙanƙame tabarma, ruɓaɓɓen ya fito da baƙar saiwa. Sa'adu ya ɗaga shi sama, mata suka rangaɗa guɗa, kalangu ya ɗauka. Mamani ya tofar da jini, ya kurkure da ruwan gishiri, idonsa na hawaye yana dariya. Ya nuna yatsu shida, ya buɗe baki.

A lokacin ne jama'a suka dare gida biyu. Alhaji Abarci ya iso cikin farar riga, haƙora a baki, ana taɓa gefen rigarsa ana shafawa a fuska. Ya tsaya a gaba-gaba, bai dubi matarsa ba. Ta jira. Bai ce komai ba. Sa'adu ma ya jira, har Mamani ya daki ƙafarsa ya nuna masa fiƙar sama. Awartaki ya kama.

«Sa'adu, tsaya,» in ji Uwale. Kiɗa ya danne muryarta, sai ta miƙa hannu ta riƙe wuyan hannun wanzamin. Kalangu ya yi shiru. «Haƙoran Malam ba tsirowa suka yi ba. Ƙera su aka yi a Misra. Fita suke yi. Ni ke wanke su kullum a bayan rumbu.»

Sai dariya ta ɓarke. Wani mahauci ya ce to in ta gama wanke haƙoran sai ta ciro idanun ma ta ɗauraye. Wata ta ce tausayin ɗan'uwa ne ya juya mata kai, a ba ta ruwa. Azumi ta kama mayafinta tana raɗa mata ta yi wa Allah ta bar abin kunya. Mamani ya ture awartakin daga bakinsa, ya waiwayo yana murmushi da jini a leɓe, ya ce Yaya ko ƙarya za ta yi ai sai ta nemi mai kama da gaskiya. Sannan ya juya wajen mijin yayarsa.

«Alhaji, ka ji matarka. Faɗa mata ta sakar mani wanzami.»

Duk idanu suka koma kansa. Ba ya bukatar ya yi ƙarya. In ya girgiza kai kawai ya yi irin murmushin nan nasa, an gama: ita ta zama tsohuwar da ta ruɗe, shi ya ci gaba da zama abin da suke so. Uwale ta ga murmushin ya fara tasowa a gefen bakinsa. Ba ta saki hannun Sa'adu ba.

Alhaji ya tako ya tsuguna a gaban Mamani, gwiwa da gwiwa. Ya dubi fiƙar da ƙarfe ya riga ya yi wa shaida a dasashi. Ya ce Azumi ta matso da ƙwaryar ruwan. Ya sa babban yatsa a bayan haƙoran sama, ya ɓanɓaro su, ya saka a ruwa. Ya ciro na ƙasa. Fuskarsa ta faɗa ciki a gaban kasuwa duka.

Wata mata ta yi salati ta ja da baya, wani ya firgita ya faɗa kan ƙoren nono. Alhaji bai kula ba. Ya buɗe baki ya nuna wa Mamani dasashin, da gyambon gefen hagu, da farin tabon da gefen abin ya yi masa.

«Duba da kyau. Shekara huɗu rabona da tsire. Ban san ɗanɗanon goro ba. Ruwan da na ba ka ruwa ne mai albarka, ka sha, amma ba ya tsiro da komi. Da za a iya, da na ba ka talatin da biyun nan ka ba ni shidanka.»

Maganar ta fito a dagule, amma na kusa sun ji, suka miƙa wa na baya. Mamani ya dubi ƙwaryar, inda haƙoran ke murmushi a ƙarƙashin ruwa. Ya dubi bakin Alhaji. A hankali ya sa harshe ya taɓa fiƙarsa, ya rufe baki ya dafe da tafin hannu kamar mai tsoron kada wani ya shiga. Sa'adu ya jefa awartaki cikin kasko tun ba a ce masa komai ba. Mai jakin nan ya juya da tsohuwarsa.

Abin da Alhaji ya ji tsoro bai zo yadda ya zata ba. An yi dariya, wasu sun yi tsaki sun koma wa kayansu, amma mafi yawa matsowa suka yi. Haƙoran da ke fita su koma sun fi waɗanda suka tsiro ban mamaki. Maƙeri ya roƙa a bar shi ya ga yadda aka dasa su. Wani Buzu ya ce a mayar a sake cirewa, shi bai gani da kyau ba daga kan raƙumi. Makaɗa suka sake sabon kiɗa. Mamani ya sauke hannu daga baki, ya ce da mijin yayarsa, ashe duk kwanakin nan shi ne babba a haƙori yana gaishe da ƙaninsa a durƙushe. Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma mayar da su ba. Ya tsame su, ya naɗe a gefen rawaninsa, ya miƙe.

Ya kama hanyar gida, Uwale na biye da shi da tazarar taku biyar. Suka wuce kara, suka wuce tabki, hayaniyar kasuwa na raguwa a bayansu. Tana kallon ƙeyarsa, ba ta san ko yau za ta kwana a gidan ba. A wajen tsohuwar rijiya, inda ba kowa sai awaki, ya tsaya bai juyo ba.

«Kin karya alkawari.»

«Na karya.»

Ya juya ƙullin da ke hannunsa.

«Na zo da niyyar in hana,» ya ce. «Da na ga jama'a sai na kasa. Da ba ki yi magana ba, da na tsaya ina kallo har na bakwai.»

Ba ta ce masa ba haka ba ne. Ya jira kaɗan ko za ta faɗa, sannan ya gyaɗa kai. Da ya ci gaba da tafiya ya rage sauri, har tazarar ta koma taku ɗaya.